Ciwon Ya Yi Ɓawo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Baba da Inna da matarka da yara. Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta kama ni satin da ya wuce, ita ma ta sake ni. Ka gaya wa Inna ina cin abinci, kada ta yanke mini hukuncin rama tun ba ta gan ni ba.

Na tashi daga ɗakin nan na kusa da tasha. Yanzu ina hawa na biyu a wani gida, taga ɗaya ce tak, tana kallon bayan gidan burodi. Daga nan zuwa maɗaba'ar da nake aiki minti ashirin ne a ƙafa.

An ɗauke ni daga duba kura-kuran littattafan lissafi, an mai da ni ɗakin masu ƙamus. Ƙamus ne na 'yan makaranta. Mu huɗu ne, sai edita, wani dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya rataye a wuya, kullum kuma cikin neman na uku yake. Kowa da haruffansa. Ni da yake sabuwa ce aka ba ni ɓ, wai kalmominsa ba su da yawa. To, yau kwanana uku a kan kalma ɗaya, ɓawo. Na rubuta na itace da na lemo da na ƙwai na kai wa edita, ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni ko a gidanmu ɓawo uku kawai muke da shi. Wanda muke tebur ɗaya da shi kuma ya kafe a kan na gyaɗa kwasfa ne, ba ɓawo ba, har muka kusa ɓatawa.

Don Allah ka zauna da Baba ka tambaye shi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kafinta ba zai rasa abin faɗa ba. Duk abin da ya ce ka rubuta shi yadda ya faɗa, kada ka gyara masa.

A takardarka ta baya ka ce ƙusa ta soke shi a ƙafa a cikin shago. Yaya wurin yake yanzu? Ka san da ciwon sugan nan nasa ba a wasa da rauni. Hutuna ƙarshen wata mai zuwa ne, in Allah ya yarda zan zo in yi sati biyu.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso bayan kwana goma sha ɗaya. Muna nan lafiya. Inna ta ce ba ta yarda ba, sai ta ga wuyanki da idonta. Ƙaramin namu ya fara tafiya, ya kuma fara cin garin katako.

Da na karanta wa Baba saƙonki sai ya gyara zama ya sa aka miƙo masa hularsa, kamar gidan rediyo ne suka zo hira da shi. Ranar ba mu yi aikin kirki ba. Mai kabad ya zo ya tarar da ni da biro a hannu maimakon zarto, ya juya yana ƙunƙuni.

Ga abin da ya ce. Na farko ɓawon itace, shi ne babba, sauran duk aro suka yi a wurinsa. Ya ce itace mai rai idan aka zagaye shi aka ɗaye masa ɓawo, an kashe shi ko ba a sa masa gatari ba. Amma gungumen da aka sare dole a ɓare shi kafin a jingine, in ba haka ba ƙwari su shige ƙarƙashi su cinye shi. Sai na lemo da ayaba da rake, sai na ƙwai, sai na kifi, sai na burodi, wannan na maƙwabtanki ne. Maganar gyaɗa ya ce ke da abokin aikinki ku daina ɓata yawunku, tana amsa sunan duka biyun.

Na tambaye shi na maciji fa, ya harare ni ya ce wannan saɓa ce, abin kunya ne ɗansa ya yi irin wannan tambaya. Abin da ya kama a gindin tukunya kuma ƙanzo ne. Ya ce ƙa'idar ita ce, ɓawo daga jikin abu yake fitowa ya rufe shi. Wanda mutum ya kawo ya ɗora, wannan murfi ne ko kube ko riga. Inna tana daga tsakar gida ta ce to fentin ƙofarta da ke zuba fa, ai shi ya shafa da hannunsa, kuma ɓawo kowa yake ce masa. Har mun ɗauka an kayar da Baba. Can sai ya ce fenti ba ya zama ɓawo sai ya tsufa a jikin ƙofa ya zama ɗan gida. Inna ta ce wayo ne kawai irin nasa. Har yau ba su gama shari'ar ba.

Ya ce kada ki manta da na ciwo.

Maganar ƙafa kuma, ciwon ya yi ɓawo. Yana zama a benci a ƙofar shago ya ɗora ta a kan kujera, yana ba ni umarni kamar jiya na fara riƙe guduma. Ya ce in gaya miki ki tsaya ki yi aikinki da kyau, kada a ce 'yar kafinta ta bar kalma a karkace.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku baki ɗaya. Ina lafiya. Ka shafa mini kan mai cin garin katako.

Alhamdu lillahi da ƙafar Baba ta kama hanya. Tun da ciwo ya yi ɓawo ai an gama da mai wuyar. Ku dai hana shi ɓamɓarewa, ka san hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

Na karanta wa 'yan ɗakinmu takardarka, edita ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce a gaya wa Inna ita ke da gaskiya, amma Baba ya ci shari'ar. Yanzu ɓawo ya tashi da ma'ana shida, ya fi kowace kalma a harafina tsawo. Dokar ƙamus ɗin kowace ma'ana a ba ta jimla ta misali. A ƙarƙashin ta itace na sa maganar Baba ta gungume. A ƙarƙashin ta shida na rubuta: busasshen abin da ke rufe rauni idan ya fara warkewa. Misalin kuwa naka na ɗauka, ban canza ko harafi ba: Ciwon ya yi ɓawo. Ka ga ku biyu kun shiga littafi, kai da ko wasiƙa sai an roƙe ka.

Sai magana ta biyu, ka lallaɓa Inna kafin ka faɗa mata. Edita ya roƙe ni in ɗaga hutuna da wata biyu. Ɗaya daga cikinmu ta haihu, an raba haruffanta, ni aka ba ni c da ɗ, kuma ana so kashin farko ya shiga inji kafin a koma makaranta. Ya nuna mini idan na tsaya za a tabbatar da ni a ɗakin, ba zan koma lissafi ba. Da Baba na kwance da ko sauraronsa ba zan yi ba. Amma tun da sauƙi ya samu, shi da kansa kuma ya ce in tsaya, na amsa masa.

Na saya wa Baba takalmi mai taushi, buɗaɗɗe ta sama. Zan taho da shi.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiya.

Yau sati biyar ke nan ban ga takardarka ba. Kullum da rana sai na leƙa wurin mai raba wasiƙu na ofis, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Idan Inna fushi take yi da ni saboda hutu, ka faɗa mini, na san yadda zan ba ta haƙuri. Idan kai ne aiki ya sha maka kai, layi biyu ma sun isa.

An tabbatar da ni a ɗakin ƙamus. Na so in ji abin da Baba zai ce.

Ka rubuto.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na ba direban babbar mota wannan takarda don ta same ki cikin kwana uku. Inna da yara suna lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Allah ya yi wa Baba rasuwa jiya Talata da hantsi, a asibiti. Mun kai shi makwancinsa kafin la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙafar ce. Zazzaɓi ya fara rufe shi, ya daina fitowa benci. Da muka kai shi, likita ya buɗe wurin ya ce abin ya ci har ƙashi, sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Baba ya ƙi. Kwana biyu muna fama da shi, ni da Kawu, sai da Inna ta shiga ta rufe ƙofa suka yi magana su biyu sannan ya yarda. An yi aikin, ya farfaɗo, har ya tambayi likita wane irin zarto suke amfani da shi. Muka ɗauka an tsallake. A kwana na huɗu zazzaɓin ya dawo, likita ya ce dafin ya riga ya shiga jini. Ya ƙara kwana biyu.

Takardarki ta maganar littafi ta same mu a asibiti. Na karanta masa sau biyu. Ya ji daɗi ƙwarai, duk nas ɗin da ta shigo sai ya gaya mata 'yarsa ta sa shi a ƙamus.

Ki taho idan an ba ki dama. Inna ba ta kuka a gaban mutane, amma tana yawan kallon ƙofa.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya shekaranjiya. Ina fatan Inna ta fara cin wani abu. Ka gaishe da matarka, ta yi ɗawainiya da ni, Allah ya saka mata.

Kwana tara na yi a gida, ban yi maka maganar da ta wuce ta gaisuwa ba. Ka lura, na sani. Gidan cike yake da mutane, kuma na ji tsoron idan na buɗe baki a gaban Inna ba zan iya rufewa ba. Shi ya sa na bari sai na dawo.

Ranar da zan taho, muna wanke kwanuka da matarka, na ce mata abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ciwon da ya fara warkewa ya juya haka. Ta tsaya da kwano a hannu ta ce wane warkewa. Ta ce tun sati na biyu wurin ya yi baƙi ƙirin, ya yi tauri kamar ƙonannen katako, gefensa na fitar da ruwa, har ta daina barin yara su matsa kusa saboda wari. Na tambaye ta ko hakan kafin ka rubuto mini ne ko bayan. Ta ce ita ta kai takardar gidan waya.

Yaya, kana kallon wannan ƙafa ka rubuta mini ciwon ya yi ɓawo. Ka san yadda zan fahimce shi. Duk wanda ya ji haka sauƙi zai ɗauka. A kan wannan layi naka na ɗaga hutuna. Da na zo lokacin da na shirya, da na same shi a benci, da ni zan ja shi asibiti ko yana so ko ba ya so, don ka san ni ba ya iya yi mini gardama. Ko da ba a tsira da ransa ba, da na gan shi.

Jiya na je wurin edita na roƙe shi a cire jimlar. Ya kai ni ɗakin inji ya nuna mini. An riga an buga kashin farko, dubu ashirin, an jera su har rufi ana jiran ɗinki. Na zaro ɗaya na duba, tana nan a shafi na sittin da biyu. Yara za su karanta ta a aji a matsayin misalin warkewa.

Takalmin na bar shi a ƙarƙashin gadon Inna, ban san wanda zan ba ba.

Ba na son ka ba ni haƙuri. Ka gaya mini dalili kawai.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna tana shan shayi da safe, da rana sai an zauna kusa da ita take taɓa abinci. Na buɗe shago ranar Asabar.

Na yi sati uku ina fara wannan takarda ina yagawa. Kin ce dalili kike so. Ga shi, ba zan gyara shi ba.

Ranar da muka gama maganar kalmarki, na kai ga tambayarki ta ƙafa, na ce wa Baba me zan rubuta. Ya ce in ce ya warke. Na ce ba zan yi miki ƙarya ba. Ya ce to kada in kuskura in ɗaga miki hankali, yarinya ta samu wurin da ake jin maganarta, ba zai zama shi ne sanadin mai da ita baya ba. Muka yi ta ja. Ina kallon ƙafar, ina kallon takardar da kalmar nan ta cika ta, sai jimlar ta zo mini. Na karanta masa, ya ce madalla, ai ba ƙarya a ciki. Ni na zaɓe ta, ba shi ba. Na san abin da za ki ɗauka, don haka ma na zaɓe ta. Na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, na kuma yi barci a kan haka.

Maganar asibiti, kin yi gaskiya. Sau uku ina kiran mai mota yana korarsa, ni kuma ban iya ɗaga masa murya ba. Shekarata talatin da takwas, ban taɓa ba. Na bi shi da wanki da gishiri da bandeji har lokaci ya ƙure.

Da aka kwantar da shi kullum sai in ce gobe zan rubuta miki, idan labari ya ɗan yi daɗi. Goben ba ta zo ba.

Akwai abin da ko matata ba ta sani ba. Ranar Litinin da rana, Inna ta fita alwala, ya kama hannuna ya ce, "Ka aika wa Auta ta zo. Na fasa." Na fita da gudu zuwa tasha, motar garinku ta riga ta tashi, sai ta Laraba. Da na dawo ya tambaye ni, na ce na aika. Washegari da safe ya buɗe ido ya ce, "Ta iso?" Na ce masa kina hanya, kin kusa. Ya ce to a gyara miki ɗaki. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba.

Na ƙi yi miki ƙarya ƙarama, na zo na yi masa babba yana kan gadon mutuwa. Kullum na ɗaga kai daga aiki sai na ga bencin nan. Na rasa yadda zan yi da shi, ban iya zama a kai ba, ban iya shigar da shi ciki ba.

Inna ta ga takardarki a hannuna ta ce in karanta mata. Na karanta gaisuwa da maganar takalmi na tsaya. Ta ce takarda shafi biyu ba ta ƙarewa da wuri haka. Na ce sauran maganar aiki ce. Ta dube ni ta tashi. Ta san akwai wani abu tsakaninmu, yana kuma cin ta.

Ban nemi ki yafe mini yanzu ba.

Yayanki

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ina gaida Inna da kowa da kowa.

Takardarka ta same ni a ofis. Na karanta ta a tsaye a bakin matakala, na koma ɗaki na ce wa edita ba ni da lafiya, na tafi gida. Kwana biyu ban fita ba.

Tun da ka faɗi naka, bari in faɗi nawa. Lokacin da takardarka ta farko ta zo, sau uku na karanta layin nan. Na lura ba ka ce ya warke ba. Na lura ka ce yana zama a benci, Baba da ba ya iya zama minti biyar idan ana aiki a gabansa. Ni ce na rubuta maka da hannuna cewa ba a wasa da raunin mai ciwon suga. Har na ɗauki biro zan tambaye ka launin wurin, da ko yana taka ƙafar. Sai na ajiye, domin washegari ne zan ba edita amsa, kuma ina son kujerar nan. Ka ba ni jimla mai fuska biyu, ni kuma na zaɓi wadda ta yi mini daɗi. Da na zo gida na ga ya fi mini sauƙi in ɗora maka duka.

Ban ce zuciyata ta huce ba. Maganar a gyara mini ɗaki za ta daɗe tare da ni. Amma abin da ka gaya masa ranar Talata, da ni ce a wurin, shi zan faɗa. Kada ka ƙara lissafa shi cikin laifinka.

Na nemi hutun da na ɗaga, an ba ni daga ɗaya ga wata. Kada ka taɓa bencin, idan na zo ma ɗauke shi tare.

Kafin nan ina roƙonka abu ɗaya. Ka samu Inna ita kaɗai, ka karanta mata takardata ta baya da taka da wannan, daga sallama har sa hannu, kada ka tsallake layi ko ɗaya, har da inda na faɗi nawa laifin. Mijinta ne, mu kuma ita ta haife mu. Idan ta yi kuka ka bar ta ta yi, kada ka tashi daga wurin. Abin da ta ce kuma ka rubuto mini shi, ko mai zafi ne.

Ƙanwarka,
Auta